Talaka, Ma'aikaci da Alhaji a Kan Ɗakin Inna Gaji

A Bande in ka ce a nuna maka gidan Habu Abuja, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai miƙa hannu. Wata huɗu rak Habu ya yi a Abuja, shekara tara da suka wuce, yana leburanci a wata unguwar masu kuɗi da ake ginawa. Tun da ya dawo bai sake buɗe baki sunan garin bai faɗo ba. In an miƙo masa shayi, a Abuja ba haka ake dafawa ba. In jaki ya yi kuka, na Abuja ya fi sanin lokacin da ya kamata.

Damanar bara ɗakin mahaifiyarsa, Inna Gaji, ya yi ta yoyo. Rufin ƙasa ne tun na zamanin marigayi maigidanta, azara ta gaji, har tsohuwa ta riƙa kwana da robobi kewaye da gado. Da zafin bazara ya kankama sai ƙanen Habu, Abdulmajid, wanda ke tuƙin babbar mota a Agadas, ya aiko da kuɗi, ya kuma bugo waya.

"Yaya, ka je Magariya ka sayo kwano da katako, ka ba maso, wato Baba Mamadu magini, ya rufe wa Inna ɗaki kafin ruwa ya sauka."

Habu ya ce, "Dakor, na ji. Ka ɗauka an gama."

Ya hau babur ɗinsa da safe, aka sa ran ganinsa da la'asar. Sai bayan kwana uku ya ɓullo, yana tafe a hankali gaban amalanken Nasiru mai jaki, yana ɗaga wa mutane hannu. Ashe da ya isa Magariya ya dubi kwano ya ga abin ya yi masa ƙauyanci, sai ya ajiye babur a gidan wani abokinsa ya faɗa motar Kano.

Aka sauke kaya ɗauri-ɗauri a ƙofar gida, jama'a suka taru. Habu ya yage ledar ɗauri guda ya zaro wani falle baƙi mai laushi kamar jemammiyar fata, an yayyafa masa ƴan tsakuwa a baya, yana warin sabuwar hanya.

Ƙande mai awara, wadda gidanta ke jikin nasu, ta leƙo ta ce, "Habu, kilishi ka koma sayarwa?"

"Wannan shi ake kira shingil. Rufin kwalta. Da shi muka rufe gidajen manya a Abuja." Ya gyara hula. "Iri uku ne, kuma duk na kawo, don ni ba na sayen abu da ka. Wannan mai falle ɗaya, mai tsaga a baki, marar nauyi, na sa masa suna Talaka. Wannan mai ninki biyu, ku taɓa ku ji kauri, shi ne Ma'aikaci. Wannan kuwa," ya ɗaga na ukun da hannu biyu yana nishi, "Alhaji ke nan. Garanti shekara hamsin. Zan kasa rufin Inna gida uku, kowa ya samu kashinsa, mu gwada su a gaban jama'a. Wanda ya ci, shi Bande za ta koma, ni kuma in riƙa kawowa."

Baba Mamadu, dattijon da ya rufe rabin ɗakunan unguwar, ya karɓi falle ɗaya ya lanƙwasa, ya sake, ya duba bayansa.

"Wannan a kan me yake zama?"

"A kan ɗaki mana."

"Na ce a kan me. Kwano yana da ƙashin kansa. Wannan ba shi da ƙashi. Ni ban taɓa kafa shi ba, amma ido ya nuna sai an shimfiɗa masa allon katako ya kwanta a kai, a kuma yi wa rufin gangare sosai. Ina katakon?"

"Baba, ka taɓa zuwa Abuja?"

"Ban taɓa ba."

"Wala!" in ji Habu, ya juya ga sauran mutane kamar an gama shari'a. Gaskiyar maganar kuwa, kuɗin sun ƙare tun a Kano. Mai shagon ma ya ba shi takarda mai zane-zanen yadda ake kafawa, ya naɗe tsire da ita a hanya.

Inna Gaji ta fito tana dogara sanda, surukarta Ɗela, matar Habu, na biye. Inna ba ta faɗin sunan Habu saboda ɗan fari ne, "wancan" take ce masa ko yana tsaye a gabanta. Ta zunguri Alhaji da sanda.

"Ɗela, tambayi wancan, ina kwanon?"

Ɗela ta ce, "Baban Nafi, Inna ta ce ina kwanon?"

"Ki ce mata kwano ganga ne. Ruwa na sauka ba ka jin maganar na kusa da kai. Wannan kuwa shiru, kamar a otel."

Inna ta ce, "Ni ƙarar ruwa ba ta taɓa hana ni barci ba, sai in a kaina ya zuba."

Washegari tun kafin a sha koko Habu ya hau ɗakin da diga ya rushe tsohon rufin, don kada wani ya sake kawo maganar kwano. Inna ta koma ɗakin Ɗela da gadonta da akwatinta, Habu ya koma zaure da tabarma. Kayan kuwa ya bar su jibge a rana a ƙofar gida kwana uku, wai don masu wucewa su ba idonsu abinci.

Ran da ya zo ɗiba, ɗaurin Talaka ya zama abu ɗaya. Ashe kowane falle yana da layin danƙo wanda rana ke narkarwa don ya kama ɗan'uwansa a kan rufi, ranar Bande kuwa ba ta jira an kai su kan rufin ba. Habu ya sa wuƙar Ɗela, ta lanƙwashe. Ya sa adda, ta shige ta ƙi fita. Sai ya aika aka kira Nasiru da jakinsa. Aka huda ɗaurin, aka ɗaure gefe ɗaya a turke, ɗaya gefen a jikin jaki.

"In na ce ja, ka kore shi," in ji Habu, ya hau kan ɗaurin ya tsaya don ya danne.

Jaki ya ja. Talaka bai rabu ba, turken ne ya tuge. Jaki ya ji abu na binsa a baya, ya zabura, ya ja Habu a zaune a kan ɗaurin tun daga ƙofar gida har gindin rijiya, mata masu ɗiban ruwa suna watsewa da bokitai. Da aka tare jakin Habu ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Kun gani? Ko yagewa bai yi ba. Wannan fa Talaka ne, ƙaraminsu. Gwajin farko ke nan."

Ƙande ta ce, "To a sa maka na biyu mana, har kasuwa."

Da ƙyar aka ɓamɓaro rabin fallayen da ruwan sanyi da haƙurin Ɗela.

Sai aikin rufi. Habu ya saro ɗanyun rassan dogon yaro ya jera a maimakon katako. A kansu ya shimfiɗa kwalayen taliya da na sabulu da ya bi shaguna ya roƙo. Ledojin da aka naɗo kayan da su ya haɗa ya shimfiɗa a ƙarƙashin kashin Alhaji kaɗai, don ba su isa duka ba, kuma a cewarsa babba shi ya cancanci shimfiɗa. Gangaren da ya yi, in ka ɗora ƙwai sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya gangara.

Baba Mamadu ya zo wucewa ya tarar Habu ya fara jera fallaye daga sama yana yo ƙasa, kowane sabo yana hawa kan na bisansa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Habu, ko bunu aka zo baibaya, daga ƙasa ake farawa, na sama ya rufe na ƙasa."

"Bunu ke nan, Baba. Wannan kayan Turawa ne, daga sama komai nasu yake farawa."

"Ruwan ma na Turawa za a yi?"

Habu ya yi kamar bai ji ba. Ya buga ƙusa, ta wuce kwali ta faɗa cikin ɗaki. Ya buga wata, ta bi ƴar'uwarta. Da ya zubar da rabin kwalin ƙusa a ƙasa sai ya hau babur ya tafi Magariya ya samo dunƙulen kwalta. Ya ɗauki babbar tukunyar Ɗela, wadda take dafa waken suna da biki, ya ɗora a murhu a tsakar gida. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Kaji suka bar gidan. Ƙande ta leƙo ta kan katanga tana tari.

"Habu, yau duk wanda ya sayi awarata sai ya ce ɗanɗanon hanyar Damagaram yake ji!"

"Ki ƙara kuɗi. Ƙamshin birni ne."

Ɗela ta tsaya kan tukunyarta ta riƙe haɓa. "Baban Nafi, wannan tukunyar tun ta aurena ce."

"In kwangila ta fara shigowa zan sayo miki ta Abuja, mai yin fito in abinci ya dahu."

"Ni mai dafa wake nake so, ba mai waƙa ba."

Da yamma Abdulmajid ya bugo. "Yaya, an fara?"

"An kusa gamawa."

"Kwanon mai kyau ka samu?"

"Irin wanda ba ka taɓa gani ba," in ji Habu, ya kashe wayar da sauri.

Ranar Juma'a, ana sallamewa daga masallaci, Habu ya tsaya a bakin ƙofa ya sanar cewa yanzu za a yi gwaji, kowa ya zo ya ga yadda ake rufi a duniya. Gida ya cika, wasu suka hau katanga. Ƙande ta matso da kaskonta ƙofar gidan, ciniki ya buɗe. Nasiru ya kawo gangar ruwa a amalanke. Rana kuwa ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa.

Habu ya hau tsani cikin farar shaddarsa ta Juma'a, ya tsaya a kan katangar ɗakin. Rufin ya kasu uku: Talaka a hagu yana yamutse, Ma'aikaci a tsakiya, Alhaji a dama yana ƙyalli.

"Alƙali zai zauna a ciki," in ji shi. "Kuma ba wanda ya fi cancanta sai mai ɗakin."

Inna Gaji ta ce, "Ɗela, miƙo mini tasa." Ta kifa tasar a ka, ta ɗauki ƴar kujerarta ta shiga.

Nasiru ya miƙa bokiti, Habu ya sheƙa wa Talaka.

"Inna, rezilta? Me kika gani?"

Murya ta fito daga ciki. "Yana ɗiga."

"Talaka ke nan. Dama ba a sa masa rai ba. Kawo na biyu."

Ya sheƙa wa Ma'aikaci. Nan take aka ji tasa tana amsawa, kwal-kwal-kwal.

"Wannan ba ɗiga yake ba," in ji Inna. "Famfo ne."

Wani daga kan katanga ya ce, "Yau Juma'a, Ma'aikaci ya tashi aiki da wuri!" Gida ya ɗauki dariya.

Baba Mamadu ya ce, "Bakin kowane falle sama yake kallo, Habu. Duk ruwan da ya gangaro sai ya shige ƙarƙashi. Ai ba rufi ka yi ba, mazurari ka jera."

"A bari a ga babban tukuna."

Ya sheƙa wa Alhaji bokiti ɗaya. Shiru. Ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku.

"Inna?"

"Nan kam ba komai."

Habu ya ɗaga hannu sama. "A ƙaro ruwa! Nasiru, juye gangar duka!" Aka yi ta miƙawa yana sheƙawa har ganga ta ƙare. Mutane suka fara kallon juna, wasu har sun fara gyaɗa kai. Baba Mamadu kaɗai ya zagaya bayan ɗakin ya dubi ƙasa, ya dawo.

"To ruwan ina ya tafi? Bai zubo ta waje ba, bai zubo ta ciki ba."

Ƙande ta ce, "Alhaji ne fa. Abin da ya shiga hannunsa ba ya fita."

Habu bai saurare su ba. "Saura gwajin ƙarfi," in ji shi. Ya taka kan Alhaji ya haura can sama, inda ruwa bai taɓa ba, inda jiya ya juye ragowar kwaltar tukunya don kada ta lalace. Ya tattara shadda ya zauna daram, ya harɗe ƙafa.

"Jama'ar Bande, kun ga bambanci da idonku. Talaka na mai ƙaramin ƙarfi ne. Ma'aikaci, to, sai a hankali. Amma Alhaji..." Wani zafi ya fara ratso wando. Ya yi murmushi ya gyara zama, zaman bai gyaru ba. Ya dafa hannu zai tashi, rufin ya taso tare da shi ya mayar da shi.

Daidai nan Ɗela ta fito daga ɗakinta riƙe da waya ta ɗaga ta sama. Ita ce ta kira Abdulmajid ta bidiyo, don ta gaji da rufa wa miji asiri da tukunyarta. Fuskar Abdulmajid ta cika wayar.

"Yaya! Mene ne wannan a kan ɗakin Inna? Ina kwanon?"

"Abdulmajid, ka kira a daidai. Gwaji muke yi."

"Tashi in ga abin da kake zaune a kai."

"Da gangan nake zaune. Sai an cika minti goma."

"Me ya sa kake gumi haka?"

"Zafin nasara ne."

Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsa, ƙiiii. Baba Mamadu ya leƙa cikin ɗakin ya ɗaga kai. Ledar da ke ƙarƙashin Alhaji ta tara ruwan ganga guda, ta zazzago tsakanin rassa kamar cikin saniya mai shirin haihuwa, daidai saman tasar Inna.

"Gaji, fito! Fito yanzu!"

Ya kamo hannunta ya jawo ta waje, tasa a ka, kujera a hannu. Ko zama ba ta yi ba rassan suka fara sallamawa. Da yake ɗanyu ne ba su karye ba, lanƙwashewa suka riƙa yi sannu a hankali. Jama'a suka ga Habu yana raguwa. Gwiwoyi suka ɓace, yana cewa, "Wannan laushin da kuke gani, da gangan masu kamfani suka yi shi." Ciki ya ɓace. "Don in an yi iska ya riƙa bi da ita." Ƙirji ya ɓace, saura kai da hula. "Nasiru, kana da igiya a kusa?"

Hular ta nutse. Sai fam! Leda ta fashe, ruwa ya fito ta ƙofar ɗaki da gudu ya kwashe takalman mutane, kwalayen taliya na iyo a kai.

Ɗela ta saki salati ta ruga bakin ƙofa, Inna ta sauke tasa daga kanta.

"Wancan," ta ce, "yana motsi?"

Sai ga shi ya fito da rarrafe, jiƙe sharkaf, farar shadda ta koma zane-zane. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Amma fallayen Alhaji uku sun manne masa a baya tun daga ƙugu har cinya, sun yi masa ƙoƙo kamar kunkuru. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, suka riƙe shi a sunkuye. Ya yi ƙoƙarin zama, suka ƙi lanƙwasuwa. Da mutane suka tabbatar lafiyarsa ƙalau, dariyar da ta fashe har wani ya faɗo daga kan katanga. Ƙande ta zauna a ƙasa tana share hawaye, awara na ƙonewa a kasko.

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bango ya kwanta rub da ciki. Ɗela ta ajiye wayar a kan turmi ta tafi neman almakashi da man gyaɗa.

Wata iska mai sanyi ta kaɗo. Nasiru ya nuna gabas da baki, kowa ya juya. Hadari ne ya fara haɗowa can ƙasa-ƙasa, baƙi, na farko a bana. Dariya ta ragu. Inna Gaji ta tsaya tana kallon ɗakinta, wanda yanzu sama ce rufinsa.

Baba Mamadu ya ce, "Wannan na yau ko ya zubo ba mai yawa ba ne. In kwano da katako suka iso gobe, kwana biyu na rufe shi."

Inna ta ce, "Za su iso. Ɗela, gaya wa wancan, gobe babur ɗinsa zai je Magariya da ƙafarsa, ya dawo a kwance cikin amalanken Nasiru, ya zama kwano. Da tukunya."

Habu ya ɗago kai daga tabarma. "Inna, babur kuma?"

"Ko akwai wani abu da zai zauna a kai a ƴan kwanakin nan?"

Daga kan turmi muryar Abdulmajid ta fito. Ya so ya yi faɗa, dariya ta hana shi. "To Yaya, tunda an kashe kuɗi an yi gwaji, a gaya mana. Wanne ya ci?"

Habu ya gyara kwanciya, ya yi gyaran murya, ya dubi sauran mutanen da ba su watse ba.

"Alhaji mana. Kai ba ka ga yadda ya sauko da ni ba? A hankali, cikin mutunci. Da a kan Talaka nake, da yanzu kuna hanyar likita."

Ɗela ta durƙusa kusa da shi da almakashi a hannu ɗaya, kwalbar mai a ɗaya. Ta ja gefen fallen, Habu ya yi ƙara. Ta dubi surukarta.

"Inna, in yanke wandon ne, ko in jiƙa shi da mai ya saki?"

Inna Gaji ta dubi hadarin, ta dubi ɗakinta, sannan ta dubi ɗanta a kwance.

"Bar masa tukuna, ruwa na tafe," ta ce. "Duk gidan nan wurin nan kaɗai ne ya samu rufi."